Waƙar Sammaci da Sharhinta: Hukuncin Bashi a kan Wanda Ba a Kira Ba

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, waɗannan 'yan baituka ne tare da sharhinsu a kan wata mas'ala da ta yawaita tsakanin 'yan'uwanmu fatake da 'yan kasuwa. Mutum yana bin abokin cinikinsa bashi na gaskiya, sai ya kai ƙara, amma ya yi dabara don kada sammaci ya isa hannun wanda ake ƙara. Ko dai ya ba da kwatancen tsohuwar rumfa wadda ya san an tashi daga cikinta, ko ya jira sai mutumin ya tafi fatauci, ko ya ba mai kai takarda wani abu ya rubuta cewa ya kai alhali bai kai ba. Ranar zama ba a ga kowa ba, alƙali ya yanke hukunci, mai rumfa ba zai ji komai ba sai ranar da aka zo ƙirga kayansa. Abin tambaya shi ne: tun da bashin gaskiya ne, shin akwai laifi a kan mai kuɗi tsakaninsa da Ubangijinsa?

Na gode Sarkin da bai kama bawa ba
Sai bayan ya aiko manzo gare shi.

Ɗan kasuwa, in kana bin wani bashi,
Kai ƙara halal ne, amma ka kira shi.

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya yi mana rahama da ni da kai, malaman hukunci suna da wani abu da suke kira i'izari. Ma'anarsa a yanke wa mutum hanzari kafin a hukunta shi, a tambaye shi ko yana da sauran hujja, in ya ce yana da ita a ba shi wa'adi ya kawo. Daga dalilan da suke kafawa akwai abin da ya zo a cikin suratul Isra'i, cewa Allah ba ya azabtar da mutane sai ya aiko musu manzo. Dubi wannan da kyau. Allah Maɗaukaki ya san abin da kowane bawa zai aikata tun bai halicce shi ba, ba ya bukatar shaida, ba ya mantuwa, ba ya kuskuren lissafi, duk da haka bai kama ba sai da ya aika. To, ina ga ɗan Adam wanda littafin bashinsa yaron shago ne yake rubuta shi? Suna kuma kafa hujja da ƙissar Annabi Sulaimanu da alhudahuda a suratun Namli, domin da ya neme shi bai gan shi ba ya yi alkawarin azaba, amma ya bar masa ƙofa in ya zo da uzuri bayyananne. Tsuntsu ke nan, kuma da ya zo aka saurare shi.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa lokacin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya aiki Sayyidina Aliyu Yaman don ya yi alƙalanci, ya hore shi kada ya yanke wa na farko hukunci sai ya ji daga na biyu. Ibnu Asim mutumin Garnaɗa, wanda ya rasu a shekarar 829 ta hijira, ya tabbatar a cikin Tuhufa cewa i'izari yana gabatar hukunci, kuma abin da ya zaɓa shi ne a tabbatar da shi da shaidu biyu adilai. Wato bai isa alƙali ya ce an sanar da shi ba, sai an shaida cewa an sanar da shi.

Ba mu hana kowa kai ƙara. Neman haƙƙi halal ne, kuma ya tabbata a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Maganarmu a kan hanyar ce.

Takarda a aljihu ba ta zama kira ba,
Ko an buga hatimi an ce an ba shi.

Shaihu Halilu ya ambata a Muhtasar cewa alƙali yana kiran wanda ake ƙara da hatiminsa ko da manzonsa, idan yana nisan da mutum zai je ya dawo ya kwana gidansa. In ya fi haka, kamar mil 60, ba a wahalar da shi da tafiya sai mai ƙara ya kawo shaida. Ladan manzo, wanda iyayenmu suke ce wa ɗan ijala, yana kan mai ƙara, sai fa idan wanda ake ƙara ya yi taurin kai, to sai ya koma kansa. Duk wannan tsari an yi shi ne don abu guda, shi ne labari ya shiga kunnen mutum. Hatimi alama ce ta kira. Idan alamar ta kwana a aljihun manzo, ko aka cusa ta ƙarƙashin ƙofar rumfar da babu kowa, ba a kira kowa ba.

A nan zan tsaya in faɗi wani abu da ake sakaci da shi. Da yawa daga fatakenmu Larabci da ajami suke karantawa, takardar kotu kuwa tana zuwa da Faransanci ko Turanci. Manzon da ya miƙa takarda ga dattijo ya san bai iya karanta ta ba, ya juya ya tafi bai gaya masa ko ranar zama ba, wataƙila ya kuɓuta a wurin doka, amma ni ban ga ya sauke amana ba. Haka mai kuɗin da ya ga an ba yaron shago takarda, ya san yaron zai naɗe sabulu da ita, ya yi shiru yana murna.

Game da wanda ba ya gari, malamai sun yi saɓani. Hanafawa ba su yarda a yi hukunci a kan ga'ibi ba sai da wani mai tsaya masa. Malikawa da Shafi'awa sun yarda, domin in an rufe wannan ƙofa kowane mai cin bashi sai ya ɗaura kaya ya bar gari. Wasu sun kafa hujja da labarin Hindu 'yar Utba da ta kai kukan rowar mijinta Abu Sufyanu aka ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, amma Imamu Nawawi ya ce wannan ba hujja ba ce a nan, domin abin a Makka ya faru kuma Abu Sufyanu yana cikin gari. Su Malikawa da suka yarda, sai suka kewaye abin da sharuɗɗa. Wanda yake kusa, kamar tafiyar kwana 3 a hanya mai aminci, hukuncinsa hukuncin wanda yake gari ne, sai an aika masa ko ya zo ko ya wakilta. Wanda yake tafiyar kwana 10, ko kwana 2 a hanya mai tsoro, ana yi masa hukunci a kan bashi da makamancinsa, ban da da'awar mallakar gida ko gona. Wanda ya yi nisa ƙwarai ana yi masa hukunci a kan komai. Amma a waɗannan biyun na ƙarshe, bayan shaidu sun tabbatar da bashi, tilas mai ƙara ya yi wata rantsuwa da ake kira yaminul ƙala'i, ya rantse bai karɓi kuɗin ba, bai yafe ba, ba a haɗa shi da wani ya biya shi ba. Kuma tilas alƙali ya rubuta sunayen shaidun, domin in ga'ibi ya dawo hujjarsa tana nan, yana iya sukar su. In ba a rubuta sunayen ba a warware hukunci.

Waɗannan kwanaki an auna su ne da tafiyar raƙumi, abin da ake nufi da su kuwa shi ne sauƙin isar labari ko wuyarsa. Abin da nake gani, mutumin da ya kai albasa Ankara ko ya tafi sayen goro Kumasi, alhali lambar wayarsa tana hannunka kuma jiya kun gaisa, yana cikin hukuncin makusanci. Ba ka da ikon tsayawa gaban alƙali ka ce ba a san inda yake ba.

Ka ce gaskiya ce, kuɗina nake nema,
To, me ya hana ka ka bari a ji shi?

Wannan baiti shi ne zuciyar mas'ala, bari mu daɗe a kansa.

Idan ka ce: ni na tabbata ina bin sa, shi ma ya sani, da ya zo kotu ba abin da zai ce, to me ya rasa don bai zo ba? Sai mu ce maka, da farko, tabbacinka naka ne kai kaɗai, bai zama hujja a kan wani ba. Cinikinmu yawancinsa a kan amana yake tafiya, ta hannun mai gida da dillali da yaran mota. Sau nawa mai kaya yake rantsuwa yana bin miliyan 3 na sefa, sai da aka zauna aka tarar an ba ƙanensa wani kaso a tasha bai faɗa ba, ko an mayar da buhu 20 da suka ruɓe ba a goge su a littafi ba, ko kuɗin da aka yi ciniki a kai ba shi aka rubuta ba? Mai kuɗin bai yi ƙarya ba, abin da ya sani ya faɗa. Sauran rabin labarin yana bakin wanda aka hana zuwa.

Sa'an nan mu ɗauka lissafinka daidai ne har ƙwandala. Duk da haka ya rasa abubuwa. Da ya ji an kai shi ƙara, da wataƙila ya ranto a wurin ɗan'uwa ya biya ka tun ba a zauna ba. Da ya aiko manya su nemi sulhu. Da ya nuna shi matalauci ne, wanda Alƙur'ani a suratul Baƙara ya yi umurni a jinkirta masa har ya samu. Da ya sayar da kayansa da kansa da daraja, maimakon a yi gwanjonsu da rabin kuɗi. Ko wanda aka yanke wa hukuncin tsiyacewa, Halilu ya ce ana sayar da dukiyarsa yana wurin, da zaɓi na kwana 3 ko za a sami mai ƙari, gida da gona kuwa a jinkirta su kamar wata 2, a kuma bar masa abinci da tufafi. Wannan shi ne wanda aka tabbatar ya kasa biya. Yaya wanda bai ma san ana ƙararsa ba? Ga kuma mutunci, wanda shi ne jarin ɗan kasuwa na farko. Ranar da aka ga ma'aikatan kotu suna fitar da kaya daga rumfarsa, duk mai ba shi kaya bashi ya janye hannu, ko da daga baya an warware hukuncin.

Abin mamaki, hankalin waɗanda ba su karanta Tuhufa ba ya kai ga wannan wuri. A Amurka, a jihar Teksas, wani asibiti mai suna Heights Medical Center ya yi ƙarar wani mutum, Peralta, a shekarar 1982, kan dala 5,600 da aka ce ya lamunce wa wani ma'aikacinsa. Bai zo ba, aka yanke hukunci. A 1984 ya nemi a warware, yana cewa ba a taɓa kai masa sammaci ba, kuma an sayar da filinsa ba da saninsa ba a kan kuɗin da bai kai darajarsa ba. Kotunan jihar suka ƙi, hujjarsu ita ce ba shi da abin da zai kare kansa da shi game da bashin, ko an sake shari'a hukuncin ɗaya ne. Wato irin maganar da kake yi. A 1988 Kotun Ƙolin ƙasar ta rushe wannan, ta ce da an sanar da shi, da yana iya jawo ma'aikacin cikin shari'a, ko ya yi sulhu, ko ya biya, ko ya sayar da filin da kansa. Ban kawo wannan don shari'armu tana bukatar shaidar kowa ba, na kawo shi ne don ka ga cewa ƙin jin mutum abu ne da lafiyayyen hankali yake ƙyama a ko'ina.

Idan kuma kai mai karatu ne ka ce: ai Halilu ya halatta wa wanda ya sami iko a kan haƙƙinsa ya ɗauka ko ba alƙali, in ba uƙuba ba ce kuma ya aminta daga fitina da abin kunya, to in ɗauka ba alƙali ya halatta, ɗauka ta hannun alƙali ta fi cancanta. Sai mu ce ƙiyasin bai zauna ba. Wancan ya ɗauki gwargwadon haƙƙinsa, bai yi wa kowa ƙarya ba, bai sa kowa ya yi ƙarya ba. Kai kuwa ka gaya wa alƙali an kira mutum alhali ba a kira shi ba, ka sa manzo ya yi shaidar zur, ka ɗora wa wanda kake bi kuɗin kotu da ladan masu kama kaya da hasarar gwanjo, waɗanda ba sa cikin bashinka. Sharaɗin aminta daga fitina kuwa, wace fitina ta fi gaba tsakanin gidaje biyu da suka yi shekaru suna ciniki?

Alƙali da kunne guda ya yi hukunci,
Wanda ya ruɗe shi, wuta ce rabonshi.

Manzo da ka sa hannu alhali ba ka je ba,
Shaidar zur ka yi, ladan nan ka bar shi.

Ya zo a hadisin Ummu Salama, a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya faɗa wa masu husuma yana hukunci ne bisa abin da ya ji, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja, to wanda aka yanke masa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa yanki ne na wuta aka yanka masa. Daga nan malamai suka ce hukuncin alƙali ba ya halatta dukiyar haram. Idan wannan ya shafi wanda ya rinjayi abokin husumarsa da kaifin baki alhali abokin yana tsaye yana ji, to wanda ya hana shi tsayuwar ma fa?

Manzon kotu kuwa shaida ne, ko bai ɗauki kansa haka ba. Alƙali ba ya fita ya duba ko an kai takarda, sa hannun manzo yake gani ya gina hukunci a kai. Ɓarnar manzo ɗaya ba ƙarama ba ce. A jihar Niyok, a shekarar 2009, babban lauyan gwamnati Andrew Cuomo ya shigar da ƙara don a warware hukuncin bashi kimanin 100,000 waɗanda aka yanke a bayan idon mutane, duk ta hannun kamfani ɗaya na masu kai sammaci. An tarar a takardunsu mutum ɗaya ya rubuta ya kai sammaci a wurare masu nisa da juna a lokaci guda. Mai kamfanin ya amsa laifi a 2010, kuma a shekarar ce birnin Niyok ya kafa doka cewa mai kai sammaci ya riƙe na'urar da take rubuta inda ya tsaya da lokacin da ya tsaya. Su sun nemi magani a na'ura, Ibnu Asim ya neme shi a shaidu biyu adilai, ciwon da ake jinya ɗaya ne.

'Yan'uwa na Nijar da Kamaru da Cadi da Benin da Togo, wannan ya shafe ku kai tsaye. Ƙasashenku suna cikin yarjejeniyar OHADA ta 1993, kuma a dokarta ta karɓar bashi, wadda aka kafa a 1998 aka sabunta a 2023, akwai hanya gajera: mai kuɗi ya kai takardunsa, alƙali ya ba da umurnin biya bai ji ɗaya ɓangaren ba. Ana kai wa wanda ake bi umurnin, in ba a kai ba cikin wata 3 ya ɓaci. Daga ranar da aka kai yana da kwana 10 ya yi jayayya, a da kwana 15 ne. Ka ga a wannan hanya duk i'izarin ya tattaru a cikin takarda guda, in ta ɓata ba sauran wurin da za a ji mutum. Shi ya sa dokar ta ce idan ba a hannunsa aka damƙa ba, wa'adin jayayya yana nan har sai an ƙirga shi daga takarda ta farko da ta shiga hannunsa, ko daga kama kayansa na farko. Wanda ya wayi gari ya ga an rufe masa ajiyar banki ko an rubuta kayansa, kada ya tsaya zagi da kai kuka gidan manya har kwanakin su wuce, ya nemi lauya ranar nan.

Mai ɓuya da gangan ba shi da kuka,
An neme shi ya ƙi, laifi a kanshi.

Wannan a taƙaice yake. Wanda ya hango manzo ya fita ta ƙofar baya, ko ya hori iyalinsa su ce ba ya nan, shi ya yanke wa kansa hanzari. Malamai sun ba alƙali ikon rufe masa abin da ya dame shi har ya fito, kuma ana yi masa hukunci. Maganarmu duk a kan wanda aka ɓoye wa kira ce.

In an sayar da kaya a ɓoye, ka tuba,
Ka mayar da rara, ka nemi afuwarshi.

Wanda ya riga ya aikata, istigfari kaɗai bai wadatar ba, domin haƙƙin bawa ne. Ya je ya sanar da mutumin abin da aka yi, kada ya yi jayayya in ya nemi a warware hukunci, su zauna su sake lissafi gaban mutum biyu da suka yarda da su. Abin da ya tabbata bashi ne ya riƙe shi, halalinsa ne. Abin da ya ɗoru a kai saboda dabararsa, na kuɗin kotu da bambancin da ke tsakanin darajar kaya da abin da aka sayar da su, abin da nake gani shi ne lamuninsa yana kansa, domin shi ne sababi. Manzon da ya karɓi kuɗi ya mayar da su, ya kuma janye shaidarsa a inda ya ba da ita.

Shi kuma wanda aka zalunta ta wannan hanya, in kotu ta warware hukunci saboda ba a kai masa sammaci ba, hukuncin ne ya faɗi, bashin yana nan a wuyansa yadda yake. Akwai masu fita daga kotu suna murna suna cewa sun ci shari'a, daga nan su daina amsa sallamar mai kuɗi. Abin da aka mayar masa dama ce ta a ji shi. Idan an ji shi ya tabbata ana bin sa, ya cire abin da ya yi hasara ta dalilin waccan dabara in sun daidaita a kan adadinsa ko alƙali ya ƙayyade shi, sauran ya biya in yana da hali, in ba shi da hali ya nemi wa'adi a rubuce da shaidu biyu. Allah ne mafi sani.